Zanen Mama a Bayan Meram

Ku yi haƙuri, 'yan uwa, kwana tara ban ce muku komai ba. Masu turo mini saƙo suna "Afiniki, ina labarin Mushe? An sa rana?" ku riƙe guɗarku tukuna. Abin da ya afka mana a gidan nan ya sa ko sunan biki ba mai ambata. Yanzu haka a waya nake rubuto muku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce Afiniki, 'yar Baba Tsoho kafinta, tela ce ni a nan Diffa. Mu Kirista ne. Majami'armu gida goma sha biyu ce kacal har da namu, ɗaki ɗaya na bulo da kwano a bayan shagon Baba. Tun shekarar da aka fara harbi a garin nan muka sauke gicciyen kan ƙofa, muka ajiye ganga, waƙa ma ƙasa-ƙasa muke yi kamar masu lallashin jariri. In za mu kasuwa hijabi muke zurawa har gwiwa. Ba maƙwabta muke tsoro ba, su sun san mu, naman layya ma har ya yi mana yawa. Mutanen daji muke tsoro, waɗanda ke hayin kogin Komadugu.

Mushe kuwa shi ne Ɗan Azumi, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Damagaram, mai neman aurena. Cikin azumi aka haife shi, maƙwabta suka laƙaba masa Ɗan Azumi, sunan ya bi shi har majami'a. Mutum ne mai guga a riga da biro biyu a aljihu, in zai ce yana sona sai ya yi gyaran murya kamar zai kira sunayen 'yan aji. Ya ga majami'arsu tana ci da wuta da idonsa a can gida, shi ya sa tsoronsa mai tsari ne, komai sai ya lissafa. Takardar canjin wurin aiki ta fito masa zuwa Zinder, garinsu, yana so in bi shi in zauna wurin yayarsa, a ɗaura aure a can. Mama ta yarda tun kafin ya rufe baki. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba.

To ga ɓarnar da na yi.

Da ruwa ya yi ambaliya ya cinye bukkokin 'yan gudun hijira na Assaga, matan majami'a muka ce kowa ta kawo tsofaffin kaya a kai musu. Ni sarkin rawar kai, na shiga ɗakin Mama ba ta nan, na jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, na ga tsummokara ne da zannuwan da suka koɗe, na ɗora a kai na fita. Ashe a cikin buhun nan Mama ta ɓoye zanenta na zumuntar mata. Wanda bai sani ba, anko ne na matan majami'a, shuɗi, an buga gicciye ja manya-manya a jikinsa da rubutu. Tun da aka fara tare motoci ana bincika kaya ta juya shi ciki-waje, ta ninke shi tsakanin tsummokara don kada ido ya kai. Atamfa ce mai araha, bayanta fari-fari, ba ka ganin komai. Ni da nake tela, ni da ba na karɓar yadi sai na warware shi na ɗaga a rana, ranar ban warware ba. A ninke na miƙa shi ga wata Babarbariya mai goyo, ta karɓa da hannu biyu tana sa mini albarka.

Sunanta Meram. Daga wajen Toumour suka gudo. Bayan nan sau biyu ta zo gidanmu, na ɗinka wa jaririnta 'yan riguna da guntayen yadi, ita kuma ta kawo wa Mama busasshen kifi a ƙunshe. Hausarta kaɗan ce, dariyarta da yawa.

Ranar Laraba da hantsi ina kan keke ina haɗa hannun riga, na ji sallama a zaure. Namiji ne dogo, baƙi, rigarsa duk ƙaya da laka. Baba ya fito daga shago da garin katako a gemu.

"Lafiya, malam?"

"Sunana Kashim. Ni ne mijin Meram." Ya haɗiye yawu. "Ina yarinya mai ɗinki?"

Gabana ya yanke ya faɗi tun kafin in san dalili.

A kan tabarmar tsakar gida ya ba da labari, Mama ta ajiye masa ruwa ko kallonsa bai yi ba. Jiya Talata matan Assaga sun je tsinkar tattasai a gonakin bakin kogi, aikin yini. Majanyin Meram ya yage, ta ɗauko sabon zanen da take ta adanawa, ta goya yaron da shi, fuskar zanen a waje. Mutanen daji su biyar suka fito daga cikin ciyawa. Sauran matan suka ce musu su tafi. Ita suka nuna bayanta.

"Ba ta karatu," in ji Kashim. "Ta ce alamar likita ce, irin ta motar asibiti. Ta ce zane mai kyau, zai kawo wa yaro lafiya."

Mama ta dafe ƙirji. "Wane zane?"

"Shuɗi. Da jan abu haka." Ya gitta yatsunsa biyu.

Mama ta shiga ɗaki da gudu, na ji tana jan akwati, tana laluben ƙarƙashin gado. Da ta fito ba ta yi ihu ba. Kallona kawai ta yi, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kashim ya fiddo wata 'yar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Sun kira shi da asuba. Ya rantse musu matarsa musulma ce, uwarta musulma, kakanta liman ne. Suka ce in gaskiya ne a kawo mai zanen ta yi magana da bakinta, za su sake kira bayan la'asar.

"Ba za ta yi ba," in ji Mama.

"Rifkatu," in ji Baba a hankali.

"Na ce ba za ta yi ba! Muryar 'yata ta shiga kunnen mutanen nan? Su san sunanta? Malam, ka yi haƙuri, Allah ya fito maka da ita, amma ni ɗaya gare ni."

Kashim ya sunkuyar da kai. "Yaron wata biyar gare shi, Inna."

Na shige ɗakin ɗinki na tura wa Mushe saƙo, na gaya masa komai. Yana aji, amma nan da nan ya amsa.

"Kada ki taɓa wayar nan sai na zo."

"Mushe, ni na ba ta zanen."

"Na sani. Ki sha ruwa. Ina tunani."

Da azahar sai ga shi, gumi ya jiƙa bayan rigarsa mai ruwan toka, da takarda a hannu da ya yago daga littafin 'yan lakwal. Wallahi darasi ya rubuto mini, da lamba ɗaya, biyu, uku. Sunana Indo. Ni musulma ce, 'yar Zinder. A gwanjo na sayi zanen cikin dila, ban lura da abin da ke jiki ba, na ba Meram sadaka.

"Kin gani?" Ya buga takardar da biro. "Ita ta fita, ke ba a san ki ba, majami'a ba ta shiga ciki ba. Kowa ya tsira."

Mama har da ɗaga hannu sama. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ji mai ilimi."

Na dubi Baba. Ya tsura wa ƙafafunsa ido.

"Baba, in faɗa?"

"Bakinki ne, Afiniki."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji sanyi a raina. Na karɓi takardar na haddace. Mushe ya zama mutumin daji yana yi mini tambayoyi, ni ina amsawa, "Sunana Indo, sunana Indo," har sunan ya zauna a bakina. Wani abu yana ta tsikarina a ƙirji, na ce masa ya yi shiru, Allah ya san zuciyata, ai ceton rai za a yi.

Kashim ya je masallacin unguwa ya yi la'asar ya dawo. Muka zauna a rumfar tsakar gida, aka ajiye wayar a kan turmi da aka kife. Kaji suna ta tsattsaga a gefe kamar ba abin da ke faruwa. Na sa hijabina ruwan ƙasa, ni kaina ban san dalili ba, sai ka ce ta waya za su gan ni.

Wayar ta yi ƙara.

Kashim ya danna, ya buɗe muryar kowa ya ji. Na zaci zan ji murya irin ta dodo. Ina! Saurayi ne, muryarsa siririya, mai ladabi, yana jan Hausa irin ta bakin iyaka. A bayansa jariri na kuka, kukan da ya gaji har ya dishe.

"Mai zanen tana nan?"

"Ga ni."

"Madalla. Matar nan ta ce matan majami'a ne suka raba musu kaya a Assaga, wai wata tela ta miƙa mata da hannunta. Mu mun ce ƙarya take, tasu ce, ta ɓuya cikin musulmi. In ƙarya ta yi mana, ki faɗa, mu gama da ita kafin magariba. Daga ina zanen ya fito?"

Na dubi takardar da ke cinyata. Gwanjo. In na ce gwanjo, Meram ta zama maƙaryaciya, kuma na ji abin da ya ce za a yi wa maƙaryaciya. Mushe ya gane a daidai lokacin da na gane, na ga fuskarsa ta sauya. Mama ba ta gane ba, tana ta nuna mini takardar da yatsa.

"Gaskiya ta faɗa," na ce. "Ni ce telar. Zanen uwata ne, na ba ta cikin kuskure. Ba ta san abin da ke jiki ba."

Mama ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Sunanki?"

Indo tana nan a kan harshena, a shirye. Amma me ya rage da za ta rufe?

"Afiniki."

"Wane irin suna ne wannan?"

"Na Kirista ne."

Na ji yana magana da wani da Barbarci, Kashim ya kasa kunne, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai muryar ta dawo, ta ƙara laushi.

"To Afiniki, kin yi gaskiya, mu ma za mu yi miki sauƙi. Zan faɗi kalmar shahada, ki maimaita. Ga mijinta nan shaida. Kin tsira, ita ma yau za ta kwana a ɗakinta."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kunnuwana suka toshe. Fitsari ya kusa kuɓuce mini. Kashim, babban mutum mai furfura a gemu, ya sauko daga tabarma ya durƙusa a gabana kan ƙasa, ya rufe wayar da tafin hannu.

"Ƙanwata," ya ce da raɗa, "da baki kawai. Zuciyarki taki ce, ba mai shiga. Ni ba zan gaya wa kowa ba. Don Allah."

"Ki faɗa," in ji Mama, hawaye har wuya. "Yesu zai gafarta miki. Ni zan roƙa miki, zan yi azumi, ki faɗa."

Mushe ya juya ya fuskanci bango. Baba ya rufe ido, leɓɓansa na motsi.

Kada wani ya rubuto mini wai ni jaruma ce. Na buɗe baki da niyyar faɗa. Na rantse muku na buɗe. Sai na ji kamar an ce in tsaya a tsakar kasuwa in ce ban san Baba ba, ban taɓa ganinsa ba, alhali yana tsaye yana kallona. Tun ina 'yar shekara bakwai da sunan Yesu nake kwana da shi nake tashi. Ranar da harsashi ya huda kwanon ɗakinmu shi na kira. Muƙamuƙina ya ƙi.

Kashim ya ɗage hannunsa daga wayar.

"Muna jin ki," in ji saurayin.

"Ba zan iya ba." Kuka ya ƙwace mini. "Ni ta Yesu ce, ba zan iya ba. Amma ita taku ce! Ku sa ta yi alwala ku gani, ku sa ta yi salla. Don girman Allah ku ba yaron nan ruwa, ba ku ji muryarsa ba? In laifi ne nawa ne, ita ba ta..."

Ƙit. Ya kashe.

Kashim ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya ɗauki wayarsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. A bakin zaure ya juyo.

"Kalma nawa ce, ƙanwata?"

Ya fita.

Alhamis da Juma'a ban san yadda suka wuce ba. Mama ta daina yi mini magana, sai sau ɗaya da na zo karɓar muciya a hannunta ta ce, "Kin kashe matar mutane da jaririnta don taurin kai." Na koma kan keke, na ɗinka hannun riga a wuyan riga, na farke, na sake ɗinkawa a karkace. In na durƙusa zan yi addu'a sai kukan yaron nan ya cika mini kai. Na ce, Ubangiji, in don kai na yi, me ya sa nake jin kamar mai kisan kai? Ban ji amsa ba. Ko tuwo na sa a baki sai ya zama kamar garin katako.

Na sami Baba a shago yana goge wani katako da ya riga ya yi sumul.

"Baba, daidai na yi?"

"Da ni aka tambaya, abin da kika faɗa zan faɗa." Ya hure katakon. "Amma jiya na hango Kashim a bakin tasha, na canza hanya. Ban iya haɗa ido da shi ba. Duka biyun gaskiya ne, 'yata, ban san yadda zan haɗa miki su ba."

Mushe kuwa saƙo yake ta turowa. Na farko da zafi: "Yanzu suna da sunanki da sana'arki. Tela nawa ce Kirista a Diffa?" Ban amsa ba. Can da yamma: "Ki gafarce ni. Ni na juya baya, ke kika tsaya. Kunya nake ji." Ranar Juma'a kuma: "Na kama mana wuri biyu a motar Zinder, Lahadi da sassafe. Afi, ba don aure ba ma. Don ki rayu."

Mama da ta ji, a take ta sauko da akwatina ta fara ninke mini kaya, ba tare da ta tambaye ni ba.

Yau Asabar da hantsi ina shara a tsakar gida, na ji an turo ƙyauren zaure ba sallama. Na ɗago.

Meram ce. Ƙafafunta sun kumbura, leɓɓanta sun tsattsage, ta goya yaron da wani yankin buhu. Yaron yana motsi. Yana motsi, jama'a! Kashim na bayanta. Na yar da tsintsiya na kurma ihu, Mama ta fito da gudu da kumfar sabulu a hannu, ta faɗi a kan gwiwa tana "Na gode Yesu, na gode Yesu," Kashim yana "Alhamdu lillahi," ba wanda ya damu da na wani. Sun sa ta yi salla a gabansu, in ji shi, wani dattijo a cikinsu ya ce a sake ta. Jiya suka ajiye ta a bakin ruwa, ta tako da ƙafa.

Na rungume ta. Jikinta ya ƙi saki, kamar na rungumi icce. Mama ta kawo kunu ta ƙi karɓa.

"Ya Meram, ki sha mana. Ya wuce."

Ta girgiza kai. Ta yi wa mijinta magana da Barbarci, ya ce mata a'a, ke za ki faɗa. Sai ta kama hannuna da nata biyu, irin kamun da ta yi wa zanen ranar da na ba ta.

"Afini. Sun tambaya gida." Hausarta tana karyewa. "Na ce ban sani. Sau uku na ce ban sani. Suka cire yaro a bayana. Ɗaya ya riƙe shi da ƙafa, haka, bisa ruwa."

Ta matse hannuna.

"Na faɗa. Shagon katako na faɗa. Ɗaki na baya, inda kuna waƙa, na faɗa." Hawaye suka zubo mata. "Suka ce wace rana mutane suna taruwa."

"Kika ce me?" in ji Mama, muryarta kamar ba tata ba.

"Lahadi."

Na so in ji haushinta, ko na minti ɗaya, in sami inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Na dubi yaron, ga shatar yatsu a ƙaurinsa. Na karɓi kofin kunun daga hannun Mama na kai bakin Meram.

"Sha," na ce. "Ni ma da ɗana ne da na faɗa."

Ban sani ba ko gaskiya na faɗa mata. Ta sha.

Baba yana tsaye a ƙofar shago tun ɗazu, ashe ya ji komai. Ya goge hannunsa a jikin riga.

"Malam Kashim, mun gode da kuka zo kuka faɗa, da kun yi shiru ba mai sani. Zan je in shaida wa jandarma, ko za su zo ko ba za su zo ba. Afiniki, sa takalminki. Ki bi gidajen mutanenmu ɗaya-ɗaya, ki gaya musu yadda yake, kada ki rage komai. Wanda zai zo gobe ya zo da saninsa. Wanda ya zauna gida bai yi laifi ba."

"Tsoho!" in ji Mama. A gaban baƙi ta kira sunansa, abin da ban taɓa ji ba. "Kai fa?"

"Ni ke da makullin majami'a, Rifkatu."

Gida goma sha ɗaya ne. Na bi goma, a kowanne na tsaya na ce ni na jawo. Wata ta rufe mini ƙofa. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta ce in zo in ja ta da safe, kada ta makara.

Saura ɗaya, ɗakin Mushe. Tun la'asar nake zaune a kan keken ɗinkina ina rubuta muku wannan, akwatina a ɗaure a bakin ƙofa, Baba yana share majami'a ina jin tsintsiyarsa ta bango. Saƙon Mushe ya shigo sau huɗu, na ƙarshen kalma uku ne: "Afi, ina jira." Ɗakinsa ba nisa, bayan famfon unguwa ne. Na sa takalmi na cire, na sa na cire. Motar Zinder ƙarfe bakwai take tashi, sujada a majami'a ƙarfe takwas, kuma har yanzu ban san a wanne zan ce masa ya neme ni ba.